Ranar da Muka Zaunar da Umma

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin murhu? Ina fata tukwanen otel ɗinku suna barin ki ki numfasa.

Kin san ƙarshen watan nan Umma za ta ajiye aikin girki a makaranta. Ina so mu kai ta gidan abinci, ta zauna a kawo mata. Ba inda nake aiki ba, kada abokan aikina su ishe ni da tsiya.

Ki tuna tun muna yara, kin taɓa ganin Umma ta ci abinci a zaune? Kullum a tsaye bakin tukunya, bayan kowa ya ƙoshi, abincin ya huce. Ni da nake yini ɗauke da tire, na san yadda fuskar mutum take sakewa idan an ajiye masa faranti a gabansa. Ina so in ga ta Umma haka, ko sau ɗaya ne.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na karanta wasiƙarka na yi ta dariya har albasa ta kusa ƙonewa.

Kai tire kawai ka sani. Ni da nake kicin na san abin da ke cikin tukunya. Shinkafa ce da kaza, a ɗora ɗan ganye a kai, a ninka kuɗi. Mutane fitila suke saya da kujera mai laushi. Ku zo gidana in dafa muku wanda ya fi shi.

Na san me za ka ce. Bara da na dafa, Umma ta ƙwace ludayi ta kore ni daga kicin ɗina. To shi ke nan, na yarda, don ita. Amma asarar kuɗi ce, kuma zan faɗa a gaban kowa.

Yayarka

*

Auta,

Ina fata ka isa gida lafiya jiya, bayan mun tashi daga gidan abincin. Ni dai har yanzu kunya ba ta sake ni ba.

Wai ka ce ni na kunyata mu, don na ɗanɗana miya na ce gishiri ya yi yawa. To wa ya kwashe faranten teburin kusa da mu ya jera su a hannu? Wa ya rusuna ya ce wa mutumin da bai sani ba "a ci lafiya"?

Na ƙararrawa kam laifinmu ne mu biyu. Ana buga ta a kicin alamar abinci ya fito, ka yi zumbur, ni ma na miƙe na nufi ƙofa. Umma ta cafko rigarka da hannu ɗaya, mayafina da ɗayan. "Kai, ku zauna don Allah! Yau ba mu ne da aiki ba."

Ka lura da lomarta ta farko? Ta ƙona harshe. Ta koma tana hura cokali tana dariya, wai, "Ashe haka yake da zafi!" Wallahi, Auta, sai da na ɗaga kai kamar ina kallon fitila, kada ku ga hawayena.

Ina nan dai a kan bakana, kazar ba ta kai kuɗinta ba.

Yayarka

*

'Ya'yana,

Ina gaishe ku, Allah Ya yi muku albarka.

Auta, Yayarka ta yi gaskiya, gishirin ya yi yawa. Ban damu ba, ba ni na zuba ba. Na ci da zafinsa, ga ku a gabana ina kallon fuskokinku har na ƙoshi.

Wata mai zuwa ku sake kai ni. Wanda ya fara miƙewa, shi zai biya.

Ummanku