Motar da Na Saya da Sunan Shago

Litinin, 3 ga Maris

An kawo motar kayan. Fara ce sol, mai rufi, bayanta zai ɗauki zannuwan gadon otal biyu da na asibitin haihuwa a sawu ɗaya. Shekara shida ina wanki da guga ina biyan motar haya, yau shagona ya yi ƙafa.

Yaya ne ya haɗa ni da dillalin, abokinsa tun suna samari. Mutum mai fara'a, har ta yi yawa. Ya ce mai ita na farko wani likita ne, daga gida sai ofis, injin ba a taɓa kwance shi ba, mita kilomita dubu ɗari da arba'in. Me likita yake yi da motar kaya? Sai yanzu tambayar ta zo mini. Na ce a kira bakanike ya duba, ya ce akwai mai jiranta da kuɗi a hannu kafin la'asar. Na sa hannu, na buga hatimin shago.

Ban san me ya sa ya bar ta a kunne tun kafin mu iso ba.

Laraba, 5 ga Maris

Baba Direba, tsohon da na ɗauka ya tuƙa ta, ya ce tana tari da safe. Na ce kowa ma yana tari da safe.

Alhamis, 6 ga Maris

Farin hayaƙi daga salansa. Baba Direba ya ƙara ruwa a lagireto sau biyu a yini ɗaya. Ko dai motar ce, ko dai shi ne yake zagayawa da ita ɗaukar kayan mutane a bayan idona. Shekararsa talatin a kan sitiyari, in ji shi. Ni wata biyu na san shi.

Asabar, 8 ga Maris

Ta tsaya cak a tsakiyar gada, da zannuwan babban otal a ciki. Sai da janwe ya zo ya ja ta zuwa gareji. Manajan otal ya kira sau huɗu, na huɗun bai amsa gaisuwata ba. Da ni da masu guga muka kinkimi ƙullin kaya zuwa motar haya, mutane suna danna mana oda kamar mu muka gina gadar a ƙuntace.

Bakanike ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna mini. Man ya koma kamar shayi da madara. Ya ce, "Hajiya, ruwa da mai sun ƙulla zumunci, kuma ba yau suka fara ba." An zuba mata wani magani mai toshe tsaga na ɗan lokaci, a cewarsa, kuma da na gan ta an tayar da ita da sanyin safiya da na gane.

To shi ma ai aiki yake nema. Wane bakanike ne zai ce mota lafiyarta ƙalau?

Talata, 11 ga Maris

Na je wurin dillali. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da na gama magana sai ya ɗauko takardar cinikin, ya ɗora yatsa a layi na ƙasa. Ƙananan rubutu kamar ƙafar kiyashi: an sayar da ita yadda aka gan ta, babu mayarwa.

"Ƙanwata, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Mota ta hannu ce. Wa ya san irin tuƙin da tsohon nan naki yake mata?"

Ƙanwarsa! Uwa ɗaya ko uba ɗaya?

Ban sha ruwan ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya ba ya ɗaga waya. Matarsa ta ce yana wanka. Tun jiya yake wankan nan.

Na tuna ranar cinikin shi da dillali sun koma bayan wata mota su biyu, sun daɗe, ya fito yana gyara aljihu. Biri ya yi kama da mutum.

Juma'a, 14 ga Maris

Ofishin lauya, hawa na biyu, fanka tana kuka kamar za ta faɗo mana. Lauyar yarinya ce ƙarama, da tabarau, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Na so in juya. Ta karanta takardar sau biyu, tana bin layi da bayan biro.

Abin da na riƙe daga maganarta, kada in manta:

Da da sunana na saya don hidimar gida, da doka ta fi tsaya mini, don tana ɗaukar mai sayen kansa a matsayin mai rauni. Amma hatimin shago na buga. Ciniki ne tsakanin 'yar kasuwa da ɗan kasuwa, ana ganin kowa idonsa a buɗe yake. Wato hatimin da nake ta alfahari da shi, shi ya ɗaure ni.

Na ce shi ke nan kenan? Ta ce a'a. Layin nan na ƙasa yana iya kare shi daga lalacewar da bai sani ba, amma ba ya wanke ƙarya. In ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma a kan maganar na saya, akwai hanya. Sai dai kotu ba ta cin "ya ce mini". Shaida take so.

Kada a taɓa motar, kada a gyara. Bakanike ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. In nemo tallan da aka yi, ko saƙo, ko wanda ya ji da kunnensa. Kuma in yi sauri, daɗewa tana kama da amincewa.

Wanda ya ji da kunnensa mutum ɗaya ne. Yana wanka.

Ita ma lauyar, wa ya sani ko shari'ar take so ta yi tsawo.

Litinin, 17 ga Maris

Babban otal sun ba wani aikin. Manaja ya ce na ɗan lokaci ne. Na san irin wannan ɗan lokacin. Masu guga huɗu suna zaune suna kallon dutsen guga, ni ina kallon su.

Laraba, 19 ga Maris

Na leƙa gareji ba tare da na faɗa wa kowa ba. Na tarar da Baba Direba a durƙushe jikin motar, ƙofa a buɗe, yana kankare wani abu da makulli. Na ƙarasa da sauri. Na ce, "Baba, me kake cirewa?" Da ƙarfi na faɗa, har masu gyaran taya suka juyo.

Bai tashi ba. Ya ce, "Zo ki gani, 'yata."

A jikin ginshiƙin ƙofa, ƙarƙashin sabon fenti, akwai 'yar takardar da masu juyen mai suke liƙawa. Kwanan watan bara, kilomita dubu ɗari uku da goma. Mita kuwa tana cewa ɗari da arba'in. Ya ce tun ranar farko ya ga robar burki ta cinye har ƙarfe ya fito, kujerar direba ta lotsa, ya san likita bai yi wannan aikin ba, ko da a mota yake kwana.

Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Na ce miki tana tari."

Na ɗauki hoto. Ban ba shi haƙuri ba. Na dai sayo masa ruwan lemo.

Asabar, 22 ga Maris

Yaya ya zo shago da kansa, da hantsi. Ya tsaya tsakanin igiyoyin shanya kamar baƙo. Na ci gaba da ninke zane.

Ya ce an ba shi la'ada. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ya ce ya ɗauka ihsani ne irin na abokai, bai san da ciwo a motar ba, ya rantse. Kunya ce ta hana shi ɗaga waya. Na ce, "Yaya, ni ka ci la'ada a kaina? Ni da ka goya?" Ya sunkuyar da kai. Furfura ta cika masa ƙeya, ban lura ba sai yau.

Sai ya miƙo wayarsa. Saƙon murya na dillali, kwana biyu kafin ciniki: injin ba a taɓa kwance shi ba, mita ta gaskiya ce, ka gaya wa ƙanwarka ta saya ido rufe. Muryarsa ce, har da dariyar.

Ya ce zai tsaya a gaban kowa ya maimaita. Ya ajiye ambulan a kan teburin guga ya tafi. Ban buɗe ba.

Ko sun shirya wani abu ne su biyu? Na saurari saƙon sau bakwai ina neman tarkon.

Talata, 25 ga Maris

Lauya ta aika wasiƙa: hoton takardar juyen mai, rahoton bakanike, da maganar saƙon. Kwana goma sha huɗu, ko ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗi, ko ya ɗauki nauyin gyara, ko mu haɗu a kotu. Ta gargaɗe ni cewa kotu tana iya cin shekara, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Wannan ya sa na ɗan yarda da ita.

Juma'a, 28 ga Maris

Dillali ya kira. Yau ni ba ƙanwarsa ba ce, Hajiya ce.

Ya ce me ya kawo lauya tsakanin 'yan uwa? Kuɗin ya riga ya shiga wata mota, amma yana da mafita. Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ya fara kiwon kaji, yana neman motar kai ƙwai. Za a ƙara mata maganin nan, a wanke injin, in sayar masa da sunana, kuɗina su dawo cif, ko sisi ba zan rasa ba. Abin da ake so a wurina kawai in ce mota ta yi mini kaɗan.

Na ce zan yi tunani. Allah Ya gani, na yi tunanin. Har yanzu ina yi.

Litinin, 31 ga Maris

Na ce wa dillali ya kawo malamin, ban gaya wa lauya ba. Na san abin da za ta ce.

Laraba, 2 ga Afrilu

Malamin ya zo gareji. Dillali ya riga mu, mota a kunne tana gurnani a hankali kamar mage. Dattijo ne siriri, biro uku a aljihun gaba, ya taho da matarsa. Ita ce ta shiga baya tana auna faɗi da taku, tana lissafin kiret nawa zai shiga. Ta ce da shi, "Malam, har da wurin buhun abincin kaji." Ya yi dariya ya shafa jikin motar.

Ya juyo ya ce, "Hajiya, ke kika riƙe ta. Tsakaninki da Allah, lafiyarta lau? Kuɗin sallamata ne gaba ɗaya."

Dillali yana bayansa yana mini murmushi.

Na ce, "Malam, kashe ta. Ka dawo gobe da sassafe ka tayar da ita da hannunka." Sai na buɗe ƙofa na nuna masa takardar juyen man. Na zaro sandar mai ma, duk da dillali ya sa an canza man, na gaya masa kalar da na gani.

Matar ta sauko a hankali, tana karkaɗe zane. Dillali ya ce na tona wa kaina rami. Bakanike, da ban san yana ji ba, ya fito daga ƙarƙashin wata mota ya ce shi ma kunnensa biyu, kuma ya iya sa hannu.

Na juya na koma shago. Kuɗina cif, na bar su a gareji. Tsoron kotu ne kawai ya sa, don da sunana za a sayar. Ba wani abu ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar ƙarshe ta wa'adi dillali ya zo ofishin lauya, babu fara'a. Na riga na gaya wa lauya komai; da ta ambaci maganar malamin da shaidar bakanike sai ya daina kaɗa makulli. Zai sayi wani injin a sa, bakanikena ne zai zaɓa, kuma zai mayar da wani abu saboda mitar. Ba duka ba. Asarar otal da kuɗin janwe sun bi ruwa. Lauya ta ce in karɓa, na karanta kowane layi har na ƙasan, sau biyu, kafin in sa hannu.

Yaya ya zo a matsayin shaida. Shi da abokin nasa ba su haɗa ido ba. Shekara talatin da wani abu suna tare.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta dawo aiki. Asibitin haihuwa da ƙaramin otal. Babban har yanzu shiru.

Malamin kaji ya kira ɗazu. Ya ga wata motar a wani wuri, yana tsoro, wai ko na san wanda zai raka shi, mutumin da ba zai cuce shi ba. Na ba shi lambar bakanike, na ce da sassafe za su je, kuma kada ya buga hatimin gona sai ya ji ta bakin lauya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ka tafi da yayana ma, ya san halin dillalai."

Ba wai na huce ba ne. Ya san halinsu ɗin ne kawai.

Na tura wa Yaya lambar malamin. Ya amsa kafin in ajiye wayar.