Haƙorana a Gaban Alƙali

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara da maigidan? Ni lafiya lau, kumburin bakina ma ya saɓe.

Shari'ata da shugaban aikinmu da ya fasa min baki ta zama abin dariya. Ƙaramar kotu ta ce zubar da haƙora babban laifi ne, ya fi ƙarfinta. A babbar kotu alƙali ya sa na yi murmushi, ya leƙa, ya ce tunda na ciki ne ba a ganinsu, ƙaramin laifi ne, in koma inda na fito. Masu ilimi ke nan! Shugaban namu kuwa yana nan, kullum ni ke fara gaishe shi.

Kada Inna ta ji. Da ɓangaren hagu nake tauna, kuma ina ƙoshi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki