Tsokar Iklima da aka ce in kai wuri mai sanyi

Abdoulkarim Ousmane,
mai yankan katako, Kasuwar Katako,
mazaunin unguwar Dar es Salam, Yamai.

Talata, 18 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Asibiti,
Yamai.

Game da: lalacewar tsokar da aka yanka a muƙamuƙin ƴata Iklima Abdoulkarim, mai shekara tara, da randebun Juma'a mai zuwa, wato ranar da aka sa mana don a sake yanka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ofishinka cewa abin da ya same mu ranar 7 ga wata zai sake faruwa ranar Juma'a, 21 ga wata, in ba a sa baki ba. Ƴata kuwa ba ta da sauran ƙarfin jira.

1. A watan Janairu na kawo Iklima da kumburi a muƙamuƙinta na dama. Likitan yara, Dokta Nassirou, ya ce yana zaton wani nau'in kansa ne, wato ciwon daji, mai saurin girma. Ya yi mini bayani, Allah ya saka masa. Ya ce a cikin ƙwayoyin jiki akwai wani abu na gado mai suna MYC, shi ke ba da umarni a ƙera ƙananan injuna, ribozom, masu haɗa abin da ke gina jiki. Ga mai lafiya, umarnin na zuwa ya tsaya. A wannan ciwo ba ya tsayawa: injuna na ƙaruwa, ƙwaya na ƙiba tana rabuwa ba hutu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san shagon da ake ta ƙara masa zarto ba a kashe ko ɗaya. Likitan ya ce ba zai fara magani mai ƙarfi ba sai labo, ɗakin gwaji, ya tabbatar.

2. Ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu, aka yanki tsokar. An ce mu zo da safe, ba a shigar da Iklima ba sai bayan an taso daga masallaci, lokacin labo ya rufe. Majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya miƙo mini tsokar a kwalba, kamar yadda ake yi wa kowane uba, ya ce in ajiye wuri mai sanyi, in kai da kaina ranar Litinin. Bai ƙara komai ba.

3. Ranka ya daɗe, ba mu da firigo. Wuri mafi sanyi a layinmu shi ne injin ƙanƙarar maƙwabciyarmu Mariyam, mai sayar da zoɓo. Ta kwashe kayanta ta ba kwalbar wuri, ta naɗe ta da sabon zane don girmamawa. Da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ranar Lahadi, har da gudu na kai ta wani gidan mai janareta, don kada ta narke.

4. Ranar Litinin, 10 ga wata, labo ya karɓa, ba a tambaye ni inda ta kwana ba. Sai jiya, 17 ga wata, aka ce ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin, ba a iya karanta komai. Aka kuma ce ba ruwan da ya dace aka zuba a kwalbar ba tun farko. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni, a gaban jama'a, ko nama na ɗauke ta.

5. Ana cikin wannan jira, kumburin bai jira ba. Haƙoranta biyu sun yi laushi. Ta bar tuwo, sai kunu da cokali. Idonta na dama ya fara turowa. Jakarta ta lakwal, ta zuwa makaranta, tana rataye inda ta bar ta, tana hana ƙannenta taɓawa. Mahaifiyarta Hajara ta ɗauke madubi daga ɗaki.

6. An ba mu sabon randebu don a sake yanka: Juma'a, 21 ga wata. Na roƙi a sauya ranar, aka ce tsarin ɗakin tiyata ne, ba mai ikon taɓa shi sai kai.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi: a matso da yankan zuwa Laraba ko Alhamis da safe, ma'aikacin asibiti ya kai tsokar labo da hannunsa, cikin ruwan da ya dace, kuma daga yau, duk uban da za a ba kwalba a gaya masa da Hausa ko Zabarmanci cewa sanyi ba ƙanƙara ake nufi ba. Ba na neman a hukunta majo. Na gaji da yawo tsakanin ƙofofi, abin da nake so kawai a fara mata magani.

Har yau ban san sunan ciwon ƴata da tabbaci ba. Ban san ko idon zai ci gaba da gani ba. Na tambayi Dokta Nassirou, ya ce shi ma bai sani ba.

Ina fatan samun kulawarka, tare da matuƙar girmamawa.

Abdoulkarim Ousmane,
mahaifin Iklima, gado na ƙarshe, ɗakin yara.