Kuɗin Siyama Sun Dawo

Doha, 3 ga Yuni

Maman Siyama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Siyama da Hajiya da mutanen Hayin Banki. Ni lafiya lau nake, sai ciwon baya da ke ɗan taɓa ni in na wuni a wurin gini. Ba wani abu ba ne.

Jiya kuɗin ciyar da Siyama da na turo suka dawo mini, karo na uku ke nan ba ki karɓa ba. Da farko na ji haushi. Daga baya na tuna ranar da muka rabu, da na ce ba za ki iya riƙe ta ba sai da ni. Kin iya. Ki yafe mini wannan maganar.

Amma kuɗin haƙƙinta ne. In daga hannuna ne ba kya so, zan tura wa yayata Hauwa a Kawo, ta biya makaranta da su.

Na ji ta fara iya karatu. Don Allah ki bar ta ta karanta wannan layin da kanta: Siyama, babanki yana gaishe ki.

Allah ya raya mana ita.

Nasiru