Kati Biyu da Buhun Irin Baba

Litinin, 6 ga Mayu

Kamaruddeen ɗan Baffa ya dawo daga Kano da kwamfuta. Ya buɗe shagon gem daidai tsallaken nawa, kamar duk Minjibir babu sauran fili. Katin girafik ɗinsa, wanda ke fitar da hoton wasan, sabo ne dal. Na leƙa har cikin akwatin: ƙarami, ramin kati ɗaya tak. Amma ciyawar filin ƙwallo ma ana ganin tana kaɗawa. Na ce masa ba laifi. Ƙarya nake.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mutum biyu yau a shagona. Ɗayan inuwa ya zo sha.

Asabar, 11 ga Mayu

Tun muna firamare haka yake. Komai ya taɓa sai ya yi kyau, Baba kuma ya ce, "Ka ga ɗan'uwanka." Na gan shi, Baba, kullum ina ganinsa! Haushinsa nake ji, na faɗa.

Wani a Rijiyar Zaki yana da kati irin nawa sak, na hannu. In na haɗa biyu ai an gama. Wa ya taɓa ɗaura wa garma sa ɗaya?

Lahadi, 12 ga Mayu

Na kai buhun irin gyaɗa kasuwar Ɗanbatta na sayar. Wanda Baba ya ware tun kaka, ya ce in ajiye a ɗakina saboda ɓera. Kafin ruwa ya sauka samari sun dawo shagona, na sayi wani buhun na mayar. Ba wanda zai sani.

Laraba, 15 ga Mayu

Na sayo katin, na ɗaura. Na bar murfin akwatin a buɗe don masu wucewa su ƙirga. Hoton dai kamar jiya. Wataƙila sai ya saba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bayan masallaci Kamaruddeen ya shigo. Ya jira har shagon ya zama daga ni sai shi. "Ɗan'uwa, kawo hannunka." Katin sama zafi rau, na ƙasa sanyi ƙalau. Wai gem ɗin yanzu ba sa raba aiki tsakanin kati biyu, an daina yayin wannan da daɗewa. Sa ɗaya na ja, ɗayan na kallo.

Da a gaban mutane ya faɗa yana dariya, da na samu abin riƙewa. A hankali ya faɗa, har da ba ni haƙuri.

Talata, 21 ga Mayu

Na Rijiyar Zaki ya ce ba ya karɓar abin da ya fita.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙu. Kowa na murna. Baba ya ce, "Jamilu, gobe ka fito da iri a ɓare." Na ce to. Gonarmu kaɗai za ta zauna fayau, kuma ni na jawo. Ina tsoron idon Baba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Da hantsi sai ga Kamaruddeen a babur da buhu a baya. Ashe Usaini mai awo ya gan ni a Ɗanbatta ya tsegunta masa. "Musaya za mu yi. Ina haɗa bidiyon biki, wannan aikin kati biyu yake so." Na cire na ƙasan na miƙa masa ban ɗago kai ba.

Baba ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya juya ta a tafin hannu, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Allah Ya yi wa mai irin nan albarka." Bai ƙara ba.

Talata, 11 ga Yuni

Mun yi shuka.

Da la'asar na tsallaka shagonsa, karon farko da na zauna. Katina na kan kanta cikin leda, ko ɗaurin bai kwance ba. Ina zai sa shi? Rami ɗaya ne a akwatinsa, ni na gani da idona.

Ya ci ni uku da ɗaya. Gobe zan koma, don in rama kawai. Zan tafi masa da furar Inna, tunda ta yi yawa.