Ƙasimu Bai Naɗe Masaƙa Ba Bana

Birnin Ƙonni, 16 ga Agusta, 1972

Zuwa ga ƙanwata A'i,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗan'uwa, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Mas'udu da yara. Allah ya rufa muku asiri a Abijan, ya maido mana ku da alheri. Inna tana nan, gwiwa ta hana ta fita, amma bakin bai gaji ba. Matata Ladi ta sauka lafiya, mace, an sa mata Zalika. Ruwa kuwa, tun bayan ruwan shuka sau biyu ya sauka na kirki. Hadari ya kan haɗu da la'asar, mu ɗaga kai, ya watse.

Yau Laraba, kasuwa na ci, ni kuma na rufe teburina na zauna rubutu. Kin san ni, ba na yin haka don gaisuwa kawai.

Maganar Madam Selestin ce, mai mujallar adon matan nan da kike yi wa ɗinki, wadda kinka kwatanta wa gidanmu bara da rani. Ni na kai ta Illela wurin yayanmu Ƙasimu. An kawo mata fura ba ta sha ba. Ta ɗauki saƙin gidanmu mai jan baki, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga shi ga rana. Shekara ashirin ina kallon idon masu saye, A'i, ban taɓa ganin irin nata ba. Haka mahauci ke duban rago. Ta sa anka ɗauki hoto, ta shiga mota ta tafi.

Bayan wata uku sai ga zanen a tsakiyar mujalla, a jikin wata doguwar mata. Mujallar, guda huɗu kacal ke zuwa garin nan, amma babu gidan ma'aikaci da ba ta kwana. Matan ma'aikatan buro, wato ofis, da na duwan masu karɓar kuɗin fito, da na jandarma sunka riƙa zuwa da ita a hammata. Wadda ko baƙi ɗaya ba ta sani ba sai ta ɗora yatsa kan hoto ta ce wannan take so. Har daga Sakkwato anka zo. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na ci moriyar abin, har na yi sabuwar riga.

Kin tuna dokar Baba. Ranar da ruwan farko ya taɓa ƙasa a cire turaku, a naɗe masaƙa, a ɗauki hauya, sai gero ya shiga rumbu a koma ga zare. Bana Ƙasimu bai naɗe ba. Irin shuka ma ya ba da shi anka ba shi zare, ya kai marina anka rine shi kaf, shuɗi da ja, launin wancan hoton. Ya zaunar da Bawa da Chindo, 'ya'yan kawu, kowa da masaƙarsa. Gonar gado tana can ciyawa ta rufe ta. Na je har gida na yi masa magana, ya yi dariya, ya ce ni da na yi karatun boko a lakwal ai bai kamata in ji tsoron takarda ba. Wai wanda aikinsa ya shiga littafin Nasara ya gama da hauya. Na leƙa rumbunsa da idona. Baki goma sha ɗaya ke ci daga ciki, kuma ba zai kai ƙarshen watan gobe ba.

Shekaranjiya na kai wa matar wani babban ma'aikaci kaya, na iske sabuwar mujalla ta zo. Farin leshi ne tun daga bango har bango. Ta miƙo mini in karanta mata. Da ɗan faransancina na gano layi biyu da Madam ta rubuta a ƙasan wani hoto: saƙin hannu ya yi zamaninsa, yana da nauyi, a bar wa tsofaffi. A'i, matar ma'aikacin nan zanen Ƙasimu ke jikinta lokacin. Ina zaune ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito sanye da wani. Sannan ta ce guda ukun da ta sa a saƙa mata, a bar su tukuna. Kafin wata Laraba ta zagayo duk garin zai ji.

Ga abin da nake so ki yi. Kada ki roƙe ta, irinsu ba su son mai roƙo. Ki ɗauki saƙin da Inna ta ba ki, ki yi masa wani ɗinki da ba a taɓa gani ba, ki sa shi ranar da za ki je gwada mata kaya. Ki yi shiru. In ta tambaya, ki bari ta ɗauka ita ta gano shi. Hoto ɗaya muke nema, ko ƙarami ne a shafin baya. In kin ga ba fuska, ki bugo mini waya ran nan, in kwashe zannuwan da ke ƙasa in bi kasuwannin daji inda mujalla ba ta isa, in musanya da gero. Ko can ɗin ban da tabbas, don masu gero sun fara kallon sama suna ɗaure bakin buhu.

Ki gaishe da Mas'udu da kyau, da Kande, da Malam Wakili maƙwabcinku. Inna ta ce ki riƙe salla. Ita ba ta san komai ba, kada amsarki ta biyo ta hannunta.

Ƙasimu ma ban gaya masa ba. Jiya na iske shi ya ja zaren zane arba'in tun daga ƙofar gida har gindin tsamiya, yana waƙa. Da ya ji zan rubuto miki, ya ce ki gaishe masa da Madam, ki gaya mata yana sa ta a addu'a bayan kowace salla.

Ni ne yayanki,
Maikano