Sanarwar da na rubuta ce ta raba mijina da gonarsa

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bin wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Haɗejiya, 'yarmu ɗaya, Ummi. Tun farkon aure mijina ya hana ni sana'a ta waya, ya ce ba ya son ina hulɗa da mazan da bai sani ba. Na ce to, amma a ɓoye na ci gaba da rubuta wa wani kamfani na Kano tallace-tallace a intanet. Rannan mai kamfanin ya ce in tsara sanarwar ɗaukar ma'aikata. Na tambaye shi wane irin aiki, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yawo ne da maganin basir a tashoshin mota, in ka sayar a ba ka kaso. Amma kada ki sa haka, ba mai zuwa." Sai na rubuta ana neman matasa masu ilimin kwamfuta, harkar talla ta zamani da kula da shafin kamfani, albashi mai tsoka. Wallahi har daɗi na ji da ya yaba min.

Mijina kwamfuta ya karanta, ya iya haɗa shafin intanet, amma shekara da shekaru ba aiki. Shinkafa yake nomawa a wata fadama ta Auyo da kawunsa ya ba shi aro, da sharaɗin duk shekarar da bai noma ba za a ba wani. Iri ya isa dashe ke nan ya shigo da murnarsa yana miƙo min waya. "Maman Ummi, zo ki gani, kamar don ni aka rubuta!" Na duba, sai ga kalmomina. Na ce, "Baban Ummi, anya kuwa? Ko inda ofishin yake ba su faɗa ba fa." Ya ce, "Ke kullum sai kin kashe wa mutum gwiwa." Me ya hana ni faɗin gaskiya a lokacin? Tsoron kada asirina ya tonu, shi ke nan. Da ya kira su suka ce ya zo Kano, ni da hannuna na goge masa kayan tafiya.

Ya mayar wa Kawu fadama, Kawu ya ba wani. Wata biyu ke nan yana Kano. In ya kira sai ya ce ofis lafiya lau, ni kuwa ina jiyo 'yan kamasho suna kiran fasinja a bayansa. Shekaranjiya ya kasa daurewa, ya gaya min komai yana kuka, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya ce kunya ta hana shi dawowa, da wane ido zai kalli Kawu? Sannan ya ce, "Duk wanda ya rubuta sanarwar nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Ki ce amin."

Anti, na ce amin.

Tun daga ranar abinci ba ya shiga. In na faɗa masa, ina tsoron aurena ya mutu. In na yi shiru, haka zan ci gaba da zama da Allah ya isar mijina a kaina, shi kuma yana can yana ɗauka ni kaɗai ce mai tausayinsa. Me zan yi?